Hoton Idon Namadi

Anka, Oktoba 2018

Zuwa ga ƙawata Malama Lubabatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya makaranta? Ya mutanen Gummi? Har yau in na ci shinkafa a nan sai na tuna da wadda nake ci a gidanku lokacin da nake aiki a can.

Na kira wayarki ba ta shiga ba. Ko ta shiga ma, wannan ba maganar da zan yi a tsaye a barandar asibiti ba ce, shi ya sa na rubuto na ba direban motar kasuwa.

Ƙanenki Namadi ya zo daga Zugu ranar Alhamis karɓar maganinsa na suga. Ya goyo abokinsa Hayatu a mashin, Bafillacen nan da ke kiwon shanunku, shi ma ciwon ya kama shi. Sun tarar da mu da sabon abu. Wata ƙungiya ta kawo mana na'ura don gwaji, kamar gilashi mai kauri da aka ɗaura a bayan waya. Mutum ya zauna ya buɗe ido, ta ɗauki hoton can ciki, inda jijiyoyin jini suke. Masu ita sun ce an yi ta nuna mata hotunan idanun masu suga har ta koyi gane wanda ya fara lalacewa, tun mai idon bai ji komai ba. Ƙirƙirarriyar basira suke ce wa abin. Kin san ba mu da likitan ido, to ita ce yanzu ke nuna mana wanda za mu tura Sakkwato.

Na Hayatu ta nuna kore, ba matsala. Na Namadi ta nuna ja a ido biyun, ta rubuta a tura shi ba tare da jinkiri ba. Na goge gilashin na sake ɗauka, ja ta sake nunawa.

Da na faɗa masa sai ya yi dariya, ya ce, "Sista, ni da nake hango rami tun daga nesa ina kan mashin?"

Na ce, "Haka wannan ciwon yake, sai ya yi nisa mutum ke sani."

Ya ce sai an yanke dawa. Na ce to zan gaya wa yayarka. Ya ce, "Gaya mata, ai ta saba yi mani faɗa."

Ba zan ɓoye miki ba, na'urar tana iya kuskure, kuma ba ta faɗin dalili, launi da umarnin turawa kawai take nunawa. Amma ni ma na ƙura wa hoton ido, na ga ɗigo-ɗigon da ban so ba. Ga takardar turawa nan na haɗo, don ya bar ta a kan teburina. Ke kaɗai yake jin maganarki.

Ki gaida Inna in kin aika. Allah ya kiyaye mu.

Taki,
Agnes

*

Gummi, Oktoba 2018

Namadi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, kai da Inna da matarka Turai da yara. Da akwai sabis a Zugu da ka ji muryata tun jiya, kuma da ba ka ji daɗinta ba.

Agnes ta rubuto mani. Wato an ce maka idonka na cikin haɗari, ka yi dariya, ka bar takarda a kan tebur ka hau mashin ka tafi.

Kai ne ka fi kowa sanin yadda Inna ta rasa ganinta, don a gabanka aka yi. Da azumi tana tsince tsakuwa a shinkafa ba ko tabarau. Bayan Sallah ta fara tambaya wa ya bar hayaƙi a ɗaki. Sanda muka kai ta Sakkwato, likita ya ce mun makara, da an zo da wuri da an tare. Ni na riƙo hannunta muka sauko daga matakalar asibitin, tana tambayata ko rana ta faɗi, alhali azahar ba ta yi ba. Ita ba ta sami wanda ya gaya mata da wuri ba. Kai an gaya maka.

Na san za ka ce dawa, ka ce Inna, ka ce hanya. Dawa akwai maƙwabta. Inna ka taho da ita, ɗakin baya a share yake, Turai da yara ma akwai wuri. Daga nan ni da kaina zan raka ka Sakkwato, na riga na nemi izini a makaranta. Hanya kuwa kullum kana binta da fasinja, ba ka taɓa ce mani kana tsoro ba sai yau da abin ya zo kanka.

Kai ne idon Inna, kai ne ƙafarta. In naka ya tafi, wa zai ja wani?

Ina jiran ka ranar kasuwa. Kada ka aiko mani da gaisuwa da buhun gyaɗa, kai nake so in gani.

Yayarka,
Lubabatu

*

Zugu, Oktoba 2018

Yaya Luba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta ishe mu lahiya. Inna na gaishe ki, Turai na gaishe ki. Na karanta wa Inna farkon, sauran na bari, don kada hankalinta ya tashi.

Faɗanki na ji shi. Amma Yaya, wanga abu da anka kawo daga wata ƙasa, ina ya taɓa ganin idon mutumen Zugu? Ni na sa wa Turai zare a allura jiya. Maganina ina sha, na bar shayi mai suga, tuwon ma na rage. Dawa ta nuna, kuma bana in ba ka yanke taka da wuri ba wasu za su yanke maka ita. In an gama zan zo, na yi alkawari.

Ba wannan ta sa ni rubutu ba ma. An kama Hayatu.

Ranar kasuwa ya kai ɗan maraƙi zai sayar, 'yan sa-kai sunka zagaye shi. Wai yana cikin waɗanda sunka kai hari wani ƙauye can yamma da mu. Allah ya taimaka ba su taɓa ranshi ba, jami'ai na kusa, anka miƙa shi gare su. Ba mu san inda anka kai shi ba.

Mutanen da ke wurin sun ce lokacin da anka riƙe shi, ɗaya daga cikinsu ya ce, "Mun san idon wannan." Kin san magana ce da kowa ke yi. To kafin ta kai ruga ta zama wani abu. Yanzu cewa ake yi na'urar Anka ce ta ɗauki idonshi ta aika wa hukuma, kuma duk wanda ya zauna gabanta an rubuta shi. Kuma kowa ya san ni na goya shi na kai shi. Shi bai ma so zuwa ba, ni na matsa, na ce kyauta ne, a duba mu gaba ɗaya.

Matar Hayatu ta daina kawo muna nono. Jiya na gaida ƙanen babanshi a bakin rijiya, ya dube ni bai amsa ba. Tun zamanin Baba gidanmu da rugarsu ba a taɓa haka ba.

Abin da ya fi damuna, Hayatu na da ƙane, Rabe. Kin san shi yana yaro. Ya shiga daji tun bara da anka kwashe musu shanu, yana tare da masu bindiga. Labari zai kai mishi in bai riga ya kai ba.

Don Allah ki tambayi Sista Agnes, ta faɗi gaskiya tsakaninta da Allah: ina hotunan nan ke zuwa? In an tare ni, ina so in san abin da zan ce.

Ki sa mu addu'a.

Ƙanenki,
Namadi

*

Anka, Nuwamba 2018

Ƙawata,

Gaisuwa da fatan alheri. Da kika kira na ce miki zan rubuto, don akwai mutane kusa da ni, kuma yanzu ban san wanda ke saurare ba.

Ga amsar Namadi. Hoton yana zama a cikin wayar. In an sami sabis, ana tura shi ga likitocin ƙungiyar su duba ko na'urar ta yi daidai. Lamba ake sa masa, ba suna ba. Kuma ba hoton fuska ba ne, cikin ido ne, kamar lemo mai zare-zare ja, ko uwar mutum ba za ta gane ɗanta da shi ba. Abin da aka gaya mana ke nan, na kuma yarda. Amma ban taɓa zuwa inda ake tura su ba, ba zan rantse a kan abin da ban gani ba. Abin da zan rantse a kai shi ne ni ban ba kowa ba.

Likitan ƙungiyar ya dubi na Namadi ya aiko da amsa. Na'urar ba ta yi kuskure ba. Sababbin jijiyoyi marasa ƙarfi sun tsiro, musamman a na hagu, suna iya fashewa kowane lokaci. Ya ce kada ya jira girbi.

Jita-jitar ta iso nan. Ranar masu suga benci wayam. Wata tsohuwa ta zo karɓar magani ta rufe fuska da mayafi, ta ce in ba ta ta tafi, kada in kalle ta. Maigadi ya ce wani da bai sani ba ya tsaya a ƙofa yana tambayar "matar da ke ɗaukar ido". Na koma kwana gidan fastonmu.

Hayatu a nan Anka ake tsare da shi. Na bincika, harin da ake zarginsa da shi ranar Alhamis ɗin nan aka kai, ranar da ya wuni a kan bencinmu tun safe har la'asar yana jiran layi. Na je na faɗa wa babban jami'in. Ya ce, "Kawo na'urar mu ga hoton da ranar da aka ɗauka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya ba. Ni na gan shi da idona, ga ni."

Lubabatu, in na miƙa musu ita, abin da ake faɗa a ruga ya zama gaskiya da hannuna, kuma babu mai suga da zai sake zama a gabanta a ƙasar nan. Ya ce maganata ni kaɗai ba ta isa ba, sai an sami mutumin yankinsu da ya san shi, wanda zai tsaya masa. Na kai wa Hayatu magani, an karɓa a ƙofa, ban san ko ya isa hannunsa ba.

Kin san wanda ya kawo shi ranar. Ban so a gaya wa Namadi ba, don Sakkwato ya kamata ya nufa, ba nan ba. Amma ba ni da ikon ɓoye masa. Ke za ki yanke.

Taki,
Agnes

*

Zugu, Nuwamba 2018

Yaya Luba,

Assalamu alaikum. Muna lahiya har yanzu. Saƙonki na biyu ya iso. Na gode da ba ki ɓoye mani maganar tsaya wa Hayatu ba, na san da wuya kika rubuta shi.

Rabe ya zo. Jiya da hantsi ina gona ni kaɗai, na ɗaga kai na gan su tsaye a bakin kunya, shi da wasu, bindigogi a rataye. Ya girma, ya rame. Ya yi mani sallama kamar yadda ya saba, har ya tambayi Inna. Sannan ya ce, "Kai ka ɗauke shi ka kai shi."

Na ce, "Magani na kai shi, Rabe. Ciwonmu ɗaya."

Ya ce, "An ce idonshi kunka sayar."

Na faɗa mishi abin da Sista ta ce, har maganar lemo. Bai yi dariya ba. Ya kama kan dawa guda ya murza a tafin hannu, ya ce, "Ta nuna. In yayana bai dawo ba, babu mai yanke ta a Zugu, kai ko wani. Kai ka kai shi, kai za ka maido shi, ka damƙa mani shi a hannu."

Na sanar da maigari. Ya ce Allah ya raka ni, zai aika wa Ardon su Hayatu shi ma ya bi bayana.

Yaya, ko Rabe bai zo ba, zan tafi. Mutum yana ɗaure saboda ranar da muna tare, kuma ba ya shan magani. Gobe in Allah ya kai mu zan kama hanyar Anka. Inna na faɗa mata komai, har maganar ido. Ta ce, "Je ka fiddo ɗan mutane, sannan ka je a duba ka. Kada ka yi irin tawa."

In kin ji shiru ya yi yawa, ki aiko a kwashe su Inna. Kada ki zo da kanki.

Ƙanenki,
Namadi

*

Anka, Nuwamba 2018

Lubabatu,

Ina gaishe ki. Ki zauna ki karanta wannan a natse, Namadi yana raye, kuma na gan shi da ƙafafunsa.

Ya iso ranar Litinin wajen azahar yana tura mashin da hannu. Ina ganin yadda yake karkata kai na gane. Ya ce ya baro Zugu lafiya, ya yi nisa sai ya ga wani baƙin zare yana yawo a idon hagu, ya murza bai tafi ba, can sai ya bazu kamar an zuba zoɓo a ruwa. Ya tsaya a gefen hanya, wurin da ba a tsayawa, ya rufe na hagun da hannu ya ga na dama na nan. Da ya ga gari ya kusa sai ya sauka ya turo.

Jijiyar ta fashe. Na ɗauki hoton, na hagu ma na'urar ta kasa ganin ciki saboda jini. Na dama ja kamar da. Na ce ya kwanta ya ɗaga kai, in nemo motar Sakkwato. Ya ce, "Sista, kai ni wurin Hayatu tukuna."

Muka je tare. Jami'in ya dube shi ya ce, "Ka san in ka tsaya wa ɗan ta'adda, kai ma ka shiga ciki?"

Namadi ya ce, "Na sani. Ni na goyo shi ranar, ni na mayar da shi, a hanya mun yi la'asar tare. In ƙarya na yi ku riƙe ni."

"Me ya sami idonka?"

"Ciwon da ya kawo mu ranar ne. Shi ma yana da shi."

Ba a saki Hayatu a ranar ba. Washegari Ardo ya iso da saƙon maigarin Zugu, aka daɗe a ciki, sannan aka fito da shi. Lubabatu, ban gane shi ba. Leɓɓansa sun tsage, ruwa kawai yake nema. Na gwada sugansa, na sa masa ƙarin ruwa nan take. Ya kwana a wurinmu, Namadi na zaune a gefen gadon da auduga a ido.

Da Hayatu ya ɗan farfaɗo na sake kawo maganar mota. Na roƙi Namadi, na yi masa faɗa, har na yi kuka a gaban marasa lafiya. Na ce Ardo ya mayar da Hayatu. Ya ce ba da Ardo Rabe ya yi magana ba, kuma Inna da yara da duk Zugu suna can. Mun nemi ɗan kabu-kabu, duk wanda ya ji inda za a je sai ya ce yana da fasinja. Hayatu ya ce shi zai tuƙa, ya miƙe jiri ya mayar da shi.

Jiya da safe suka tafi. Namadi a gaba da ido ɗaya, Hayatu a baya yana riƙe da ƙugunsa, Ardo na biye a wani mashin. Namadi ya ce in an gama da Rabe zai kwaso su Inna ya zo miki. Daga nan ban sake jin komai ba.

Ƙungiyar ta aiko a mayar da na'urar, sun ce sai ƙura ta lafa. Na naɗe ta a kwalinta ɗazu. Akwai masu suga da yawa a littafinmu da ba su zauna gabanta ba, kuma na san a cikinsu akwai masu ja. Wannan ke cina.

In ya iso, kada ki bar shi ya huta. Ki sanar da ni ko da layi ɗaya ne. Ina yi muku addu'a.

Taki,
Agnes

*

Gummi, Nuwamba 2018

Agnes,

Gaisuwa a gurguje, daga tasha nake rubuto miki.

Sun iso jiya da la'asar a motar kasuwa, shi da Inna da Turai da yara. Namadi ya baro mashin ɗinsa a Zugu. Ya ce Rabe ya karɓi yayansa a bakin ruga, ya dube shi, ya dubi audugar da ke idon Namadi, ya ce, "Ku yanke dawarku." Iyakar abin da ya ce ke nan. Maƙwabta za su yanke mana tamu.

Idon Namadi na hagu ba ya ganin komai sai haske. Da asuba Inna ta kira shi ta shafa fuskarsa, ta tsaya a kan audugar, ta ce mu tafi, kada mu tsaya jiran koko.

Takardar turawar da kika aiko na cikin jakata. Mota ta kusa cika. Na manto tabarauna a gida don sauri, shi ya karanta mani lambar motar daga inda muke zaune, bai yi kuskure ba.

Ki ci gaba da addu'a. Zan kira ki in likita ya gan shi.

Taki,
Lubabatu